RA'AYINMU: Kirim "Maras Madara" Da Amanar Da Ke Wuyan Ɗan Kasuwa

A 'yan shekarun nan, da wuya a yi biki ko suna ko walimar saukar karatu a Parakou da Djougou ba a ga gato, wato kek, an lulluɓe shi da farin kirim an ajiye a tsakiyar taro ba. Abin da a da sai a gidajen manyan ma'aikata ake ganinsa, yanzu ya shiga zango, ya zama sana'ar mata da 'yan mata da dama, waɗanda ke gasawa a gida suna sayarwa. Wannan abin farin ciki ne, domin sana'a ce ta halal da ke rufa wa iyalai asiri, kuma ta buɗe wa 'yan kasuwarmu wata sabuwar ƙofa, ta sayar da fulawa da sukari da bota da garin kirim ɗin kansa, wanda ake ɗaukowa daga Kwatano da Legas da Lome, a baza shi a kasuwar Arzeke ta Parakou da babbar kasuwar Djougou, daga nan ya wuce Nikki da Chikanda da Malanville da Kassoua-Allah ta bakin iyakar Togo.

Sai dai akwai wata magana da ta fara yawo a bakin masu saye da sayarwa, wadda muke ganin ya zama wajibi mu tsaya a kanta tun kafin ta haifar da abin da ba a so. Maganar ita ce wai wannan garin kirim "ba shi da madara", don haka wai ya dace da duk wanda jikinsa ba ya karɓar nono. Wasu daga cikin masu faɗin haka sun gani ne a jikin kwali an rubuta da Turanci "non-dairy" ko kuma da Faransanci "crème végétale", wasu kuma ji suka yi daga bakin wanda ya sayar musu. A ra'ayinmu wannan magana tana da haɗari, kuma haɗarin nata yana iya kaiwa ga rasa rai.

Domin a fahimci inda matsalar take, ya kamata a san ko mene ne wannan kirim. Asalin kirim na gaskiya shi ne maiƙon da ke tasowa a saman madarar shanu, irin wanda matan Fulani ke kwashewa su kaɗa su fitar da man shanu. Idan aka sanyaya shi aka buga, sai ya kumbura ya yi kumfa. To amma yana da tsada kuma ba ya jure zafi. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka taƙaita sayar da shi a Amurka, sai wani ɗan kasuwa mai suna Robert Rich a birnin Buffalo ya fito da madadinsa daga waken suya a shekarar 1945. A shekarar 1966 kuma aka fito da wani mai suna Cool Whip, wanda ya yi suna ƙwarai a can. Tun daga lokacin kamfanoni a ƙasashe daban-daban suka shiga yin irinsa, galibi da man alayyadi ko man kwakwa da aka daskarar, da sukari, da wasu sinadarai masu riƙe kumfa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, akasarin irin waɗannan kayayyaki ana zuba musu wani sinadari da ake cirowa daga madarar shanu, wanda a jikin kwali ake rubuta shi "sodium caseinate" da Turanci ko "caséinate de sodium" da Faransanci. Shi ne ke sa mai da ruwa su haɗu, kumfar ta tsaya. A Amurka kanta an daɗe ana rubuta "non-dairy" a jikin kayan da ke ɗauke da wannan sinadari, shi ya sa likitocin can suke gargaɗin masu borin jinin madara da kada su yarda da wannan kalma. Wato dai an cire maiƙon madara, amma an bar furotin ɗinta, kuma furotin ɗin shi ne ainihin abin da ke tayar da cutar. Haka lamarin yake ga farin garin da masu shayi ke zubawa a madadin madara.

A nan ya kamata a bambance abubuwa biyu da jama'a ke haɗawa wuri guda. Na farko shi ne halin mutumin da in ya sha madara ɗanya sai cikinsa ya kumbura, ya yi ta ƙugi, wani lokaci har da zawo. Wannan yana faruwa ne saboda hanjinsa ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madara, kuma masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka suke, ko da yake Fulani makiyaya suna cikin al'ummomin da mafi yawansu suke narkar da shi ba tare da wahala ba. Wannan yana da damuwa amma ba ya kisa, kuma da yawa daga cikin masu shi suna shan kindirmo da nono mai tsami su zauna lafiya, domin tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin.

Na biyu shi ne borin jini, wanda likitoci ke kira alaji. A nan garkuwar jikin mutum ce take ɗaukar furotin ɗin madara a matsayin abokin gaba, ta tashi yaƙi da shi. Alamominsa su ne ƙuraje masu ƙaiƙayi da ke fesowa nan take, kumburin leɓe da fuska da idanu, amai, tari da shaƙewar murya, a mafi tsanani kuma maƙogwaro ya toshe, numfashi ya gagara, jini ya sauka, mutum ya suma cikin 'yan mintoci. Ya fi kama ƙananan yara, inda ake ƙiyasta jarirai biyu zuwa uku cikin ɗari, kuma da yawansu suna rabuwa da shi idan sun girma, amma akwai waɗanda ke tafiya da shi har girmansu. Ga mai irin wannan lalura, ɗan abin da ya maƙale a jikin cokali ya isa ya tayar da ita. Tafasa madara ba ta kawar da haɗarin, tsami ba ya kawar da shi, kuma komawa ga nonon akuya ko na tunkiya ba mafita ba ce, domin furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya ƙwarai.

Idan wani yana ganin muna zuzuta abin ne, to ya dubi abin da ya faru a ƙasashen da suka fi mu dokoki da asibitoci. A watan Disamba na shekarar 2013, wani yaro ɗan shekara 10 ya rasu a birnin Melbourne na ƙasar Ostireliya bayan ya sha wani lemon kwakwa na gwangwani da aka shigo da shi daga waje, wanda aka gano daga baya cewa akwai madarar shanu a ciki ba tare da an rubuta ba. A watan Disamba na 2017 kuma, wata mata 'yar shekara 42, mai 'ya'ya biyar, ta rasu a garin Bath na Ingila bayan ta ci wani abincin kanti da aka zuba wa yogot na kwakwa mai ɗauke da tambarin cewa babu madara a cikinsa. Binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar da cewa furotin ɗin madara ya gurɓata ɗaya daga cikin kayan haɗin yogot ɗin tun daga masana'anta. Mutanen nan biyu sun san lalurarsu, suna kiyayewa, abin da ya ci su shi ne yarda da abin da aka rubuta ko aka kasa rubutawa. To idan haka ta faru a inda motar asibiti ke zuwa cikin mintoci, ina ga ƙauyen da ke tsakanin Nikki da Chikanda, ko wanda sai an yi tafiya mai nisa a kan babur kafin a kai babban asibitin Parakou ko asibitin Ordre de Malte na Djougou?

Duniya ta daɗe da gane wannan matsala. Hukumar Codex Alimentarius, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, kuma Benin da Nijeriya da Nijar da Togo duk suna cikinta, ta fitar tun a 1999 da jerin abincin da dole a bayyana sunansu a jikin kaya, daga ciki akwai madara da ƙwai da kifi da jatan lande da gyaɗa da waken suya da alkama da 'ya'yan itatuwa irin su yazawa. Amurka ta yi dokarta a 2004, ta ƙara riɗi a cikin jerin daga farkon 2023. Tarayyar Turai kuwa tun daga watan Disamba na 2014 ta wajabta bayyana abubuwa 14, har a gidajen sayar da abinci. A nan yankinmu akwai hukumar NAFDAC a Nijeriya, wadda aka kafa a 1993, da kuma hukumar ABSSA mai kula da lafiyar abinci a Benin.

Wani abin takaici shi ne, duk waɗannan dokoki a jikin buhu da kwali suke tsayawa, alhali kuwa a kasuwanninmu ba buhu ake saya ba. Babban dila ya sauke buhu mai kilo 25 na garin madara ko na kirim, ƙaramin ɗan kasuwa ya auna kilo biyu ko uku, mai tebur ya ƙuƙƙulla a farar leda na sefa ɗari ko ɗari biyu, buhun da ke ɗauke da bayanin kuma a sayar da shi ga mai zuba gawayi. Kafin kayan ya isa hannun matar da za ta yi gato, babu suna, babu ranar lalacewa, babu jerin abin da ke ciki, sai farin gari kawai wanda ido ba ya iya bambance shi da wani farin garin. Bugu da ƙari, kayan da ya shigo ta Legas da Turanci aka rubuta shi, wanda ya shigo ta Kwatano ko Lome da Faransanci, wani ma da Larabci ko rubutun Sin, mai saye kuma wataƙila Dendi da Hausa da Barbanci kaɗai yake ji. Saboda haka mutum na ƙarshe da ya ga buhun da idonsa shi ne ɗan kasuwa, kuma abin da ya faɗa shi ne ya zama takardar kayan. Wannan ita ce amanar da muke magana a kai.

Hatta garin madarar da ake aunawa a mudu yana da nasa ruɗanin. Kaso mai yawa na abin da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma daga Turai madara ce da aka cire wa man shanunta aka maye gurbinsa da man itatuwa, musamman na kwakwar manja, abin da ƙungiyoyin makiyayan yankin nan suka yi ta kuka a kai tun daga gangamin "Mon lait est local" da suka fara a 2018. Wasu da suka ji wannan labari sai suka ɗauka ai garin ba madara ba ne, don haka mai borin jini zai iya sha. Wannan kuskure ne babba, domin mai kawai aka canza, furotin ɗin saniya yana nan daram.

To mene ne mafita ga uwar da ɗanta ke da wannan lalura, wadda ita ma take son a yanka gato a ranar bikin gidanta ba tare da an ware yaron gefe ba? Alhamdu lillahi, Allah Ya hore wa yankinmu abubuwan da za su iya tsayawa a madadin kirim, ko da yake kowanne yana da iyakarsa, kuma gaskiya ita ce a faɗi iyakar tare da amfanin. Na farko shi ne kwakwa, wadda ke zuwa mana daga kudu. Idan aka goge ta aka tace madararta mai kauri, aka sa a firiji ta kwana, maiƙon zai taru a sama ya daskare, a kwashe shi a buga da garin sukari, sai ya yi kumfa mai daɗi. Matsalarsa ita ce man kwakwa yana narkewa da zarar zafi ya wuce digiri 24, don haka a zafin watan Maris da Afrilu na Borgou da Donga ba zai jure zama a rumfar biki ba, sai dai a fito da shi daga sanyi a ci nan take. Kuma wanda aka yi a gida ya fi na gwangwani aminci, sai fa idan an karanta jikin gwangwanin da kyau. Na biyu shi ne ruwan dafaffen wake. A 2014 wani Bafaranshe mai suna Joël Roessel ya nuna cewa ruwan da aka dafa waken da Faransawa ke kira "pois chiche" yana yin kumfa kamar farin ƙwai idan aka buga shi, kuma daga 2015 dabarar ta bazu a duniya da sunan akwafaba. Ana ƙara masa sukari da 'yan ɗigon lemon tsami don kumfar ta tsaya. Babu madara babu ƙwai a cikinsa, kuma kusan kyauta ne. Na uku shi ne farin ƙwai da sukari, ga wanda ƙwai ba ya damunsa, da sharaɗin a ɗumama haɗin a kan tururin ruwan zafi kafin a buga, saboda ɗanyen ƙwai yana ɗauke da nasa ƙwayoyin cutar. Na huɗu shi ne bota ta man itatuwa da garin sukari, wanda shi ne ya fi jure zafi, amma a nan ma sai an duba, domin da yawa daga cikin irin wannan bota ana zuba musu garin madara ko ruwan cuku don ɗanɗano.

Akwai kuma waken suya da yazawa, waɗanda arewacin Benin ke nomawa da yawa, har gwamnati ta sanar da hana fitar da ɗanyensu waje daga watan Afrilu na 2024 domin a sarrafa su a gida. Daga jiƙaƙƙiyar yazawa ana niƙa kirim mai santsi, daga waken suya kuma ana samun madara da awara. To amma Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Yazawa da gyaɗa suna cikin abubuwan da borin jininsu ya fi tsanani, kuma wani kaso na yaran da madarar shanu ke damu, waken suya ma yana damunsu. Don haka babu wani abu guda da za a ɗaga a ce wannan ya dace da kowa. Kunun aya ya fi sauƙin sha'ani, tun da aya saiwa ce da ke cikin ƙasa, ba dangin gyaɗa ko yazawa ba ce, amma masu yin na sayarwa da yawa suna ƙara masa madarar gari don ya yi kauri, kuma ba sa faɗa sai an tambaya. Muna kuma jan kunnen iyaye cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai maye gurbin nonon uwa ga jariri. Jaririn da ake zargin yana da wannan lalura, asibiti za a kai shi, ba kunun aya ko madarar waken suya za a ɗura masa ba.

Sannan ko an samu kayan haɗi masu tsabta, akwai batun kwano da cokali da tukunya. Parakou da Djougou garuruwan wagashi ne, cukun nan na Fulani da ake daskarar da shi da ruwan tumfafiya, a rina bayansa ja da karan dafi. A gefensa kuma ga awara, wadda talaka ya runguma saboda araha. Sau da yawa mace ɗaya ce ke soya su biyun, a kasko ɗaya da mai ɗaya, ta kwashe da mataci ɗaya, kuma bayan an soya ba kowa ke iya bambance su da ido ba. Wanda ya sayi awara don gudun madara, ya ci madarar bai sani ba. Haka mai gato da ta buga kirim na madara da safe, ta ɗauraye injin sama-sama, ta buga na kwakwa da rana. A wajen mai borin jini, wannan da zuba masa madara a kofi duk ɗaya ne.

Mun san wasu za su ce wannan cutar Turawa ce, mu nan ba mu san ta ba, kuma masu ita ba su kai yawan da ɗan kasuwa zai ɓata lokacinsa a kansu ba. Amsarmu ita ce, rashin gwaji ba ya nufin rashin cuta. Yaron da ya kumbura ya shiɗe bayan ya ci abinci a wajen biki, a wurinmu sau da yawa iska ko maita ko sammu ake ɗora wa laifin, a yi ta zargin maƙwabta, zumunci ya lalace, alhali abin da ya faru yana cikin faranti. Game da riba kuwa, kakanninmu da suka bi hanyar fataucin goro daga Kano zuwa Gwanja, suka yada zango a Nikki da Parakou da Djougou, ba da takarda suka yi ciniki ba, da amana suka yi, kuma ita ce ta sa har yau ake ba Bahaushe kaya bashi daga wata ƙasa zuwa wata. Addininmu ma ya wajabta wa mai sayarwa ya bayyana abin da ya sani game da hajarsa, ya kuma hana shi rantsuwa a kan abin da ba shi da tabbas.

Saboda haka muna kira ga manyan diloli, Alhazai da Hajiyoyin da ke sauke kaya, da su daina rabuwa da buhu ko kwalin asali har sai kayan cikinsa ya ƙare, su kuma ba duk wanda ya sara daga hannunsu damar ganin jerin kayan haɗin, ko ya ɗauki hotonsa da waya. Masu ƙulli su riƙa ajiye wannan hoto, su kuma ware mudu da cokali na garin madara daban. Kowane ɗan kasuwa ya haddace 'yan kalmomin nan ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa su a bango: a Faransanci "lait", "caséinate", "lactosérum", "beurre" da "traces de lait", a Turanci kuma "milk", "caseinate", "whey" da "butter". Duk inda ɗaya daga cikinsu ya fito, to akwai madara, komai abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban kwalin. Wanda kuma aka tambaye shi bai da tabbas, ya ce bai sani ba. Cinikin sefa ɗari biyu da zai rasa bai kai ran ɗan mutum ba.

Muna kira ga mata masu gato da masu abincin biki da su riƙa tambayar mai oda ko akwai wanda wani abinci ke damu a gidan, kuma kada su karɓi aikin "maras madara" sai sun tabbata za su iya ware kwanoni da injin bugawa. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na zango su sa wannan magana cikin tarukansu, gidajen rediyon al'umma kuma su ba ma'aikatan lafiya fili su yi bayani da Hausa da Dendi da Barbanci da Fulatanci da Yom. Hukumomin ABSSA da NAFDAC, tare da jami'an duwan na ɓangarorin biyu, su sa ido a kan kayan da ke shigowa babu jerin kayan haɗi da harshen da ake karantawa a ƙasar, su kuma fito da tsari mai sauƙi na liƙa 'yar takarda a jikin kayan da aka sake ƙullawa, maimakon kame da tara da ba sa haifar da komai sai cin hanci. Ma'aikatar lafiya ta tabbatar da cewa kowace ƙaramar cibiyar lafiya, musamman na garuruwan bakin iyaka, tana da allurar adirenalin da ma'aikacin da ya san yadda ake yin ta a cinya, domin ita ce maganin farko idan numfashi ya fara toshewa. Ƙwayoyin ƙaiƙayi da ake saya a kemis suna rage ƙuraje ne kawai, ba sa buɗe maƙogwaro.

Daga ƙarshe, iyayen yaran da ke da wannan lalura su sanar da dangi da maƙwabta da malaman makaranta ba tare da jin kunya ba, su koya wa yaron ya riƙa tambaya kafin ya karɓi abin hannun kowa, kuma duk lokacin da aka ga fuska ta kumbura ko murya ta shaƙe bayan cin abinci, a nufi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran gari ya waye. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya kuma kare mana zuriyarmu, amin.